Me Ya Sa Ƙarar Sandar Sinukata Ta Bambanta Da Ta Abokina?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne a Rigasa, kusan shekara uku ke nan ina buga sinuka. A ƙarshen damina na tara kuɗi na sayi sandata ta kaina, irin mai gida biyu da ake ɗaurawa a tsakiya. Da farko bugunta yana yi mini daɗi, amma tun da hunturu ya kama, duk lokacin da na bugi fara, wato farar ƙwallon da ake duka da sanda, sai in ji wani ɗan 'tsik' a cikin ƙarar, tafin hannuna kuma ya riƙa jin kamar sandar tana rawa. Ta abokina kuwa 'tum' take yi, ba hayaniya. Wasu a wurin wasanmu sun ce sanda mai ƙara ita ce mai ƙarfi, wasu kuma sun ce jabu aka sayar mini. Shin ƙarar sanda tana da alaƙa da kyawunta, ko in sayar da ita in huta?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanena. Na ji daɗin wannan tambaya, domin ba kowane ɗan wasa ne yake sauraron sandarsa ba. Akasari ido yana kan rami, kunne kuma yana kan ihun 'yan kallo. Idan na fahimce ka da kyau, abu uku ne suka cakuɗe maka wuri guda: dalilin da ya sa sanduna biyu suke ba da amo daban-daban, ko amon yana nuna ƙarfi da inganci, da kuma wanda ya fi damunka, wato wannan ɗan "tsik" da ya shigo tare da hunturu. Na haura shekara ashirin ina buga wannan wasa, kuma na daɗe ina gyaran tebura da sanduna a nan Kaduna, saboda haka wani abin da zan faɗa maka daga hannuna ya fito, wani kuma daga binciken waɗanda suka auna bugun da na'ura. Tun kafin mu yi nisa, shawarata ita ce kada ka sayar da ita tukuna. Kowace sanda tana da murya, wadda ta samo daga ƙirarta, tana kuma iya yin tari idan wani abu ya same ta. "Tum" ɗin sandar abokinka murya ce. "Tsik" ɗin taka kuwa, ga dukkan alamu, tari ne, kuma mafi yawan irinsa yana da magani mai sauƙi.

Akwai ƙaramin bayani da ya kamata ya gabata. Mu a nan duk teburin da aka shimfiɗa wa kyalle aka huda masa rami shida sinuka muke ce masa, alhali yawancin teburan da ke Kawo da Tudun Wada da Barnawa na wasan da Turawa ke kira "pul" ne. Ƙwallon pul irin ta Amurka faɗinta milimita 57 ne da ɗan ɗoriya, nauyinta kuma tsakanin giram 156 zuwa 170, ta ainihin sinuka kuwa milimita 52.5 ce. Sandunan ma haka: tsawonsu kusan ɗaya ne, wajen inci 57 zuwa 58, amma kan sandar pul yakan kai milimita 12 zuwa 13, na sinuka kuma 9 zuwa 10. Na kawo wannan ne saboda na sha ganin matashi ya sayi siririyar sandar sinuka yana dukan manyan ƙwallaye da ita, sannan yana mamakin yadda take karkarwa a hannunsa. Ka fara duba ko taka da ta abokinka ma dangi ɗaya ne.

Abin da ke faruwa a ƙiftawar bugu

Lokacin da kan sanda ya haɗu da fara, ba sa daɗewa manne da juna. Hotunan bidiyo masu tsananin sauri, irin waɗanda Dakta David Alciatore, tsohon farfesan injiniya na Jami'ar Jihar Kolorado a Amurka, ya daɗe yana nazari a kansu, sun nuna cewa haɗuwar kimanin kashi ɗaya ce cikin dubu na daƙiƙa. Fatar kan sanda mai laushi ta ɗan ɗara haka, mai tauri ta ɗan gaza. A cikin wannan ɗan lokaci fatar take matsewa, ta tura ƙwallon, su rabu. Girgizar bugun tana bin tsawon itacen da gudun da ya kai mita 4,000 a daƙiƙa ko fiye, wato sama da ninki goma na gudun sauti a iska, ta iso tafin hannunka. Amma daga tafin hannu zuwa ƙwaƙwalwa saƙon yana cin kimanin ninki ashirin na tsawon haɗuwar gaba ɗaya. Ma'anar wannan ita ce, kafin ka ji komai, a kunne ko a hannu, fara ta riga ta kama hanyarta, kuma babu abin da za ka yi ka sauya ta.

Wannan shi ne abin da nake so ya zauna maka sosai. Ƙara da jin da hannu yake yi labari ne suke kawo maka na abin da ya riga ya wuce, kamar yadda amon guduma yake gaya wa maƙeri ko ya sami ƙarfen daidai. Ba na raina wannan labari ko kaɗan, domin da shi ɗan wasa yake koyon awon ƙarfinsa, kuma wanda ya saba da muryar sandarsa yakan san ya yi kuskure tun fara ba ta kai rabin tebur ba. Sai dai sanda mai daɗin amo ba za ta jefa maka ƙwallo a rami ba idan hannunka ya karkace.

Ka kuma lura cewa a bugu ɗaya ƙara uku ake yi a jere: ta sanda da fara, ta fara da ƙwallon da ta tarar, sai ta gefen roba ko ta rami. Ta tsakiyar nan, mai kaifi, ita ce mutane suka fi ji daga bakin titi, kuma ba ruwan sanda da ita. Ingancin ƙwallayen ne. Ƙwallaye masu kyau irin Aramith, da kamfanin Saluc yake yi a Beljiyam da wani irin ƙaro mai tauri da ake kira fenolik, suna ba da "ƙas" mai tsabta, masu araha kuma amonsu a dushe yake. Idan za ka saurari sandarka, ka kwashe sauran ƙwallayen, ka bar fara ita kaɗai.

Fata ita ce maƙogwaron sanda

Idan aka ce in zaɓi abu ɗaya da ya fi kowanne tasiri a kan muryar sanda, ba zan yi jinkiri ba zan ce ɗan guntun fatar nan da ke kanta. Kafin a fara sa ta, katako zalla ake bugawa da shi, kuma dole mutum ya nufi tsakiyar ƙwallo ko sandar ta zame. Ana danganta ƙirƙirar ta ga wani hafsan sojan Faransa mai suna François Mingaud a farkon ƙarni na 19, kuma da ita ne aka sami damar murza ƙwallo, a jawo ta baya ko a tura ta gaba bayan ta yi karo. Allin da muke gogawa ma ba allin makaranta ba ne. Irin na yanzu, wanda William Spinks da William Hoskins suka yi wa rajista a 1897, garin abubuwa masu kaushi ne da aka dunƙule domin fata ta kama santsin ƙwallo.

Duk wanda ya taɓa zama kusa da makaɗin kalangu ya san cewa kalangu ɗaya yana iya ba da amo iri-iri gwargwadon yadda fata ta ɗame. Haka abin yake a nan. Fata mai laushi, irin Elk Master da 'yan sinuka suka fi so, tana shanye kaifin bugun, sai ka ji "tum" mai zurfi, hannu kuma ya ji kamar ƙwallon ta ɗan zauna a kan sanda kafin ta tafi. Fata mai tauri tana ba da "ƙas" gajere, hannu ya ji bugun kai tsaye. Akwai kuma irin waɗanda ake jera siraran fatu hawa-hawa a manne su, kamar Kamui da Moori na Japan, waɗanda suka fi daɗewa ba su sauya hali ba. Amma ka sani cewa yawancinsu da fatar alade ake yin su, abin da ya kamata duk Musulmin da zai saya ya tambaya kafin ya biya kuɗi. A can ƙarshen tauri akwai kan da ba na fata ba ne sam, na fenolik, wanda ake sa wa sandar fasa ƙwallaye a farkon wasa, kuma ƙararsa kamar an buga dutse da dutse take.

A nan ne maganar abokanka cewa mai ƙara ita ce mai ƙarfi ta sami ɗan gindi. Gaskiya ne kan mai tauri yana miƙa wa fara ƙarfin bugu fiye da mai laushi, shi ya sa ake fasawa da shi. Amma bambancin kaɗan ne, bai kai yadda kunne yake zuzuta shi ba, kuma a wasan yau da kullum, inda ake neman a ajiye fara daidai inda za ta yi amfani a bugu na gaba, saurin hannunka ne yake yanke nisan da za ta yi. Sannan ba kowace ƙara mai kaifi ce ta tauri mai amfani ba. Fatar da ta tsufa takan daddale ta yi sheƙi kamar goshin tsohon takalmi, ta daina riƙe alli, amonta ya yi kaifi, kuma ita ce take jawo zamewa. Ita wannan sai a ɗan karce ta da samfefa, a mayar mata da ɗan tudunta kamar bayan cokali.

Sauran sassan sanda suna ƙara nasu, amma ba su kai fata ba. Zoben da ke ƙarƙashin fatar, idan na tagulla ne kamar na sandunan sinuka, yana sa ɗan "kil" a cikin amon, na farar roba kuma ya fi taushi. Itacen ma yana da hali: sandunan pul galibi da itacen mapul na Arewacin Amurka ake yin gabansu, na sinuka kuma da itacen ash, mai zanen jijiya kamar kan kibiya. Na zamani da ake yi da zaren kabon, waɗanda suka bazu tun bayan da kamfanin Predator ya fitar da nasa mai suna Revo a 2016, amonsu ya fi tashi sama, kuma na ga tsofaffin 'yan wasa da suka kasa sabawa da su saboda kunne kawai, alhali ƙwallon tana zuwa inda aka aike ta. Mahaɗar tsakiya ta ƙarfe takan sa bugu ya fi kaifi a hannu fiye da wadda itace yake haɗuwa da itace. Duk waɗannan al'amari ne na so da sabo, babu wanda za a ce shi ne daidai.

Inda "tsik" yake ɓuya

Yanzu mu zo kan tarin. Ƙa'idar da nake aiki da ita ita ce, sanda lafiyayya ƙara ɗaya take yi, ta mutu nan take. Idan ka ji ƙara biyu a bugu ɗaya, ko wata 'yar wutsiya tana bin ta farko, to akwai abu biyu da ya kamata su zama a manne amma sun sami rata, suna karo da juna. Lokacin da ka ambata shi ya ƙara mini ƙarfin zato. Ka sayi sandar a ƙarshen damina, itacen yana ɗauke da laima. Daga Nuwamba iskar hunturu ta fara tsotse ta. Itace idan ya bushe ta faɗi yake tsukewa, ba ta tsawo ba, ƙarfe da roba kuwa suna nan yadda suke. Abin da yake sa ƙofar katako ta ƙi rufuwa a watan Agusta, ta dawo tana lilo a Janairu, shi ne yake sa zobe da mahaɗa su saki.

Ka fara da mafi sauƙi. Kwance sandar, ka goge fuskokin mahaɗar biyu da busasshen tsumma, domin ƙurar hunturu ƙwaya ɗaya ta isa ta hana su zama daram, sannan ka ɗaure ta sosai ka gwada. Idan ƙarar tana nan, sake kwancewa ka gwada kowane gida shi kaɗai: riƙe shi da yatsa biyu a sake, ka ɗan buge shi da gefen tafin hannunka, kunnenka a kusa, kamar yadda mata suke ƙwanƙwasa tukunyar ƙasa a kasuwa kafin su saya. Idan gidan baya ne yake kaɗawa, cire robar gindin ka leƙa. Sanduna da yawa suna da dogon noti a ciki wanda aka sa domin nauyi, kuma idan ya saki shi ne yake sa tafin hannu ya ji rawar da ka kwatanta. Ɗaure shi aikin minti biyu ne. Idan gidan gaba ne, kama zoben da yatsu ka gwada murɗa shi, ka kuma duba ko akwai siririn baƙin layi tsakaninsa da itace, ko tsaga a jikinsa. Daga nan ka tura fatar ta gefe da babban yatsa, ka ga ko za ta ɗaga.

Wannan na ƙarshe yana da yaudara, kuma bari in ba ka misali. A hunturun bara wani matashi daga Kawo ya kawo mini sanda da irin kukanka, har ya riga ya yi mata ciniki da rabin kuɗinta. Mahaɗa lafiya, noti lafiya, zobe bai motsa ba, fatar ma da na tura ta ba ta ɗaga ba. Sai na sa reza na yanke ta. Da na juya bayanta, gam ya kama gefe-gefe kawai kamar zoben azurfa, tsakiyar kuwa fari fat, ko ɗigo bai taɓa ta ba, ga garin shuɗin alli ya sami hanya ya shige ya kwanta a wurin. Duk bugu sai tsakiyar fatar ta faɗa cikin wannan ɗan rami ta bugi zoben, shi ne "tsik" ɗin. Na kankare tsohon gam har fuskar zoben ta yi sumul, na goge bayan sabuwar fata a kan samfefa da aka shimfiɗa a kan gilashi domin ta kwanta daidai, na sa sufa gulu mai kauri ya game ko'ina, na danne da yatsa, sannan na dasa kan sandar a ƙasa na gyare gefen da reza. Da ya buga ta farko, sai ya tsaya ya sake bugawa sau uku bai ce komai ba, yana sauraro. Idan kuma taka irin mai kan da ake murɗawa da noti ce, ko wadda ake cusa wa hular roba, to ka sani cewa irin waɗannan da wuya su yi shiru na dogon lokaci. Gara a cire a sa zobe da fata na gaske.

Kada ka manta da hannunka

Akwai wani ɓangare da ba kowa yake son ji ba, amma zan faɗa domin na ga yana ɓata wa mutane kuɗi. Wani lokaci sandar lafiyarta ƙalau, bugun ne yake kaucewa tsakiya. Idan kan sanda ya sami fara a gefe, gaban sandar yakan fanɗare ya yi ta kaɗawa, hannu kuma ya ji wannan a matsayin rawa. Idan kaucewar ta wuce kusan rabin tazarar da ke tsakanin cibiyar ƙwallo da gefenta, sai fatar ta zame gaba ɗaya a ji "tsak" mara daɗi. Riƙo mai tsanani ma yana ƙara yawan girgizar da take shiga hannu. Ga gwajin da nake ba masu koyo: ajiye fara a tsakiyar faɗin tebur, ka buga ta miƙe zuwa gefen can, ka bar sandarka a inda ta tsaya. Idan ta dawo ta taɓa kan sandar, ka sami tsakiya, kuma amon da ka ji a wannan bugu shi ne ainihin muryar sandarka. Bayan haka ku yi musanya da abokinka a tebur ɗaya, da fara ɗaya. Idan "tsik" ya bi sandar zuwa hannunsa, laifin sanda ne. Idan ya biyo ka zuwa tasa, ka san inda za ka yi gyara. Ku yi wannan da safe kafin a tayar da janareta, domin rumfar kwano da teburin da aka yi wa ƙasa da katako maimakon dutse suna ƙara wa kowane bugu amon da ba nasa ba.

Game da zargin jabu, ƙara ita kaɗai ba ta isa hujja ba, tunda sanda mai tsada ma tana sakin zobe idan ta sha hunturunmu a bayan mota ko a jingine da bango. Abin da ya fi nuna aikin ha'inci shi ne adon da aka liƙa da takarda maimakon a dasa shi cikin itace, mahaɗar da ba ta haɗuwa daidai har farce yana maƙalewa a gaɓar, da sandar da take tsalle idan an mirgina ta a kan tebur mai kyau.

Iyakata a nan ita ce ban riƙe sandarka ba, kuma kunne ba ya aiki ta rubutu. Abin da na ba ka jerin wuraren da na fi samun matsalar ne, daga mai yawan faruwa zuwa mai wuya. Akwai kuma wanda ba ni da maganinsa: idan ka bi gaban sandar da farce ka ji tsaga tana bin jijiyar itacen, musamman daf da zobe ko daf da mahaɗa, gam zai rufe ta na ɗan lokaci ne kawai, kuma gara ka nemi sabon gidan gaba. Idan aikin zobe ne, kai wa wanda yake da injin gurzar itace ko ƙarfe, irin waɗanda ba a rasawa a Panteka, ka tsaya a kansa kada ya rage kaurin sandar. Idan kuma aka sauya fata, kada ka yanke mata hukunci a ranar farko: sabuwar fata tana fara wa da taushi, sai ta sha bugu na mako ɗaya ko biyu kafin ta daddale ta tsaya a kan muryar da za ta riƙe, kuma a wannan tsakani za ka ga gefenta yana ɗan bajewa, sai ka riƙa gyare shi da reza har ya daina.